Ginostikanci: tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin da nake bayarwa

Tun da abokai suka gane ina karanta tsofaffin littattafan Ginostikawa ban huta da tambaya ba. Wani don son sani yake yi, wani kuwa so yake ya ji ko na lalace. Na tara waɗanda suka fi dawowa a nan, kusan yadda aka yi mini su, ko na huta da maimaita magana ɗaya a majalisa da waya.

Wai mene ne ma Ginostikancin?

Asalin kalmar Girkanci ce, ginosis, wato sani. Sai dai ba sanin allo ko na aji suke nufi ba. Akwai wanda ya san hanyar Kano zuwa Agadas a taswira, akwai kuma direban da ya bi ta sau hamsin, ya san inda mota ke kafewa a rairayi. Sanin direban nan suke nufi. Gani ya kori ji.

Mutanen da ake kira da sunan sun yi tashe a ƙarni na 2 da na 3 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), a Iskandariyya da Siriya da birnin Rum. Ba ƙungiya ɗaya ba ce mai shugaba ɗaya. Akwai mabiya Falantinus, wanda ya yi karatu a Iskandariyya ya koma Rum wajen shekara ta 140, akwai na Basilidis, akwai waɗanda masana ke kira mabiya Shitu ɗan Adamu. Yawancinsu Kiristoci suka ɗauki kansu, har wasu coci ɗaya suke shiga da kowa. Sunan da ya tara su a inuwa guda daga baya aka ƙirƙiro shi, a Ingila a ƙarni na 17, kuma a 1996 wani masani, Michael Williams, ya rubuta littafi guda yana cewa a daina amfani da shi don yana haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Ni dai ina amfani da shi don ba ni da wani.

Abin da kusan duk suka taru a kai shi ne: a cikin mutum akwai tartsatsin haske da ya fito daga wani wuri sama da wannan duniya, mutum ya manta da hakan, kuma tsira ita ce ya farka ya tuna.

A ina ake samun littattafansu, tunda an ce an ƙone su?

Shekaru aru-aru abin da aka sani game da su daga bakin abokan gabarsu ya fito, musamman Ireniyas, bishop na Liyon a Faransa ta yau, wanda ya rubuta musu raddi mai juzu'i biyar wajen shekara ta 180. Ka ga kuwa jin labarin mutum daga bakin kishiyarsa sai a hankali.

A watan Disamba 1945 wani manomi mai suna Muhammad Ali al-Samman ya je haƙar taki a gindin dutsen Jabal al-Tarif, kusa da garin Nag Hammadi a kudancin Masar, sai ya ci karo da wani tulu a rufe. Yadda ya ba da labari daga baya, da farko ya ji tsoron fasawa kada aljani ne a ciki, da ya tuna ƙila zinariya ce sai ya ɗaga fatanya. Babu aljani, babu zinariya, sai kundaye masu bangon fata. Ya kai gida ya zube kusa da murhu, mahaifiyarsa ta hura wuta da wasu shafuka. Abin da ya tsira kundi 13 ne, ɗauke da rubuce-rubuce 52 cikin Ƙibɗanci, waɗanda aka kwafa a ƙarni na 4 daga asalin Girkanci. Yau suna Gidan Tarihin Ƙibɗawa a Alƙahira, kuma cikakkiyar fassararsu ta Turanci ta fito a 1977.

Wa ya binne su? Wasu masana sun ce ruhubanawan da ke zaune a yankin ne suka ɓoye su bayan Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, ya aika wasiƙarsa ta 367, wadda ta lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari ta yi tir da sauran. Wasu sun ce kayan da aka binne tare da mamaci ne. Ni na fi karkata ga na farko, amma ba na rantsuwa a kai.

Me suka ce game da halittar duniya da har ake kiransu ɓatattu?

Nan ne gizo ke saƙar, don haka bari in ɗan zauna a kai. Mafi cikar labarin yana cikin littafin da ake kira Asirtaccen Littafin Yohanna, wanda kwafinsa huɗu suka iso gare mu, uku daga Nag Hammadi, ɗaya a wani kundi da aka saya a Alƙahira a 1896 aka kai Balin ta Jamus.

Labarin ya fara da Ɗaya, wanda ba a iya siffanta shi sai da korewa: ba shi da iyaka, ba a auna shi, ba a ba shi suna domin babu wanda ya riga shi balle ya raɗa masa. Daga tunaninsa na farko, wadda suke kira Barbelo, wasu halittun haske suka ɓuɓɓugo bibbiyu, namiji da mace, har suka cika wani gida da ake kira Cika. Ta ƙarshensu ita ce Sofiya, wato Hikima. Ita ce ta yi sha'awar ta fito da wani abu daga kanta, ba da yardar abokin zamanta ba, ba da izinin Ɗaya ba. Abin da ta haifa ya fito da jikin maciji da fuskar zaki. Kunya ta kama ta, ta jefar da shi waje ta lulluɓe shi da gajimare kada a gani. Sunansa Yaldabawot, ana kuma ce masa Saklas, wawa, da Sama'el, makahon ubangiji.

Wannan ɗan da aka yasar bai san akwai kowa a samansa ba sai uwarsa. Da ƙarfin da ya gada daga uwarsa ya gina sammai, ya naɗa masu mulki a kansu, sannan ya duba ya ce shi ne abin bauta mai kishi, babu wani sai shi. Marubucin ya tsaya ya yi wata tambaya mai kaifi: in babu wani, da wa yake kishi? Daga nan masu mulkin suka haɗa jikin Adamu gaɓa-gaɓa, mala'iku 365 a kan aikin, amma jikin ya kwanta bai motsa ba. Sai aka yi wa Yaldabawot dabara daga sama aka ce ya hura masa numfashi. Da ya hura, ƙarfin uwarsa ya fita daga gare shi ya shiga mutum. Nan take suka ga abin da suka ƙera ya fi su haske da hankali. Hassada ta sa suka jefa shi can ƙasa, suka ɗaure shi da jiki mai mutuwa, suka shayar da zuriyarsa ruwan mantuwa.

Ka ga an kifar da labarin Littafin Farawa na Attaura ke nan. Wanda ya hana cin itacen sani ya zama azzalumi, har a wasu littattafan nasu macijin ne malami. Bayahude ko Kirista ko Musulmi ba ya jin wannan bai ce a'uzu billahi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

To kai Malam, me ya kai ka karanta irin wannan?

'Yata ce. Tana da sikila, shekararta shida. Daren ƙarshe muna wani asibiti aka ɗauke wuta, na riƙe wa nas fitilar waya tana neman jijiya a bayan hannun yarinyar, ta soka sau huɗu ba ta samu ba. Yarinyar ta daina kuka ma, sai kallona take, kamar tana jiran in ce a bari. Kafin kiran assalatu ta cika.

Kwana bakwai ina zaune a tabarma ana cewa sai haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce, ina amsawa da amin. Amin ɗin gaskiya ce. Amma akwai wata tambaya da ta tsaya mini a maƙogwaro wadda ba a yin ta a zaman makoki, ba a yin ta a gaban malam, ba na ma iya yin ta a gaban kaina. Bayan wata biyu ina lalube a intanet da tsakar dare na faɗa kan waɗannan mutanen, na tarar sun yi tambayar da babbar murya shekaru 1,800 da suka wuce. Tertuliyan na Kartaj, ɗaya daga masu yi musu raddi, ya yi musu gorin cewa kullum tambayarsu ɗaya ce: daga ina sharri ya fito, kuma don me? Ni kuwa gorin nan ne ya sa na ji kamar na haɗu da 'yan garinmu a tasha.

Ka bar Musulunci ke nan?

A'a. Ina salla, ina azumi, kuma ban yarda akwai mahalicci biyu ba.

Ba tsoron mutane ne ya tsayar da ni ba, yarinyar ce dai ta sake tsayar da ni. In jiki kurkuku ne da makahon magini ya gina, to hannun nan da na riƙe, da wushiryarta, da yadda take shan mangwaro har gwiwar hannu, duk aikin wawa ne. Na yi ta juya wannan na kasa haɗiye shi. Sun ba ni wanda zan ɗora wa laifin ciwonta, amma sai na biya da kyawunta. Ban ga riba a cinikin ba.

Daga baya na ga Aflutin, masanin falsafar da ya koyar a Rum a ƙarni na 3, wanda ba Kirista ba ne, ya yi musu irin wannan suka. Ya ce suna zagin gidan da suke ciki alhali ba su bar shi ba, suna kuma cewa a dubi Allah ba tare da sun koya wa mutum yadda ake duban ba. A wurina aya ta 191 a Ali Imrana ta fi duk wannan gajarta: Ubangijinmu, ba ka halicci wannan a banza ba.

Abu na biyu da ya kore ni shi ne rabon mutane gida uku da ake dangantawa ga mabiya Falantinus: mutanen ruhi, mutanen rai, da mutanen yumɓu. Ban taɓa jin wanda ya karanta wannan rabon ya sa kansa a gida na uku ba. Ireniyas ya ce wanda ya shiga cikinsu sai ka ga yana tafiya yana ɗaga kai kamar zakara. Abokin gaba ne ya faɗa, na sani, amma na ga tafiyar zakaran nan a jikina watannin da na fara karatun, lokacin da nake kallon masu sahu ɗaya da ni ina cewa a raina barci suke.

Ba abu ɗaya ba ne da Sufanci? Ai su ma ma'arifa suke magana.

Ruɗanin daga fassara yake. Turawan da suka rubuta a kan tasawwufi sukan fassara ma'arifa da ginosis, sai mai karatu ya ɗauka dangi ne. Akwai kama, ba na musu. Linjilar Toma, ɗaya daga littattafan Nag Hammadi, wadda zantuka 114 ce babu labarin haihuwa ko mutuwa a ciki, tana da wani zance, na 42, mai kalma biyu kacal a Ƙibɗanci: ku zama masu wucewa. Wanda ya san hadisin Ibn Umar na zama a duniya kamar baƙo ko mai ƙetare hanya zai ɗaga gira. Zunnun al-Misri, da ake yawan ambata wajen maganar ma'arifa, mutumin Akhmim ne, a bakin Nilu, ba nisa da inda aka tono tulun.

Amma bambancin a gindi yake. Wanda ya shiga tarbiyya a zawiyyar 'yan Faila, bisa koyarwar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, abin da ake nuna masa shi ne ya san Allahn da ya halicci sama da ƙasa, ya ga ayoyinsa a cikin halitta, kuma bai ajiye salla ba. Baginoste kuwa so yake ya tsallake mahaliccin duniya ya isa ga wani da ke bayansa. Sufi na cewa labule ne tsakaninka da Mai gida. Baginoste na cewa mai gidan ne ɗan fashi.

Da gaske ne sun ce ba a gicciye Annabi Isa ba, kamar yadda Alƙur'ani ya faɗa?

Wasunsu. Ireniyas ya ruwaito cewa Basilidis ya koyar da cewa Saminu Bakurane, wanda aka sa ya ɗauki gicciyen, shi aka sauya wa kama aka gicciye. A Nag Hammadi ma akwai littattafai biyu da ke nuna Mai Ceto yana gefe yana dariyar makantar masu kisan. Mai karanta aya ta 157 a Suratun Nisa'i zai ji kamar ya san muryar.

Kada dai a yi saurin murna. Dalilinsu shi ne Almasihu ruhi ne daga sama wanda ƙusa ba ta kama shi, Musulunci kuwa ya ce mutum ne, manzo, yana cin abinci shi da mahaifiyarsa. Kuma ba duka suka tafi a kan haka ba: Linjilar Gaskiya, ta ɓangaren Falantinus, ta ce an kafe shi a itace har ya zama 'ya'yan itacen sanin Uba. Af, Linjilar Barnaba da ake sayarwa a bakin masallatai ba ta cikin wannan dangin sam. Tsofaffin kwafinta na Italiyanci da Sifaniyanci ne, sun zo fiye da shekara dubu bayan Ginostikawa.

Yaya ibadarsu take?

Abin da ya rage mana gutsattsari ne. Mabiya Shitu suna da wata baftisma da suke kira hatimai biyar. Linjilar Filibus ta lissafa asirai biyar: baftisma, shafa mai, cin jibin Ubangiji, fansa, da ɗakin amarya, wanda ake nufin haɗuwar mutum da takwaransa na sama. A wasu addu'o'in sai ka ga layi guda babu komai sai wasula a jere, iiii eeee oooo, da alama rera su ake yi har harshe ya gaji da ma'ana. Wasu littattafan suna koyar da hawa mataki-mataki cikin shiru, har mutum ya kai inda sani ke komawa rashin sani.

Wanda ya fi kama ni shi ne tanadin mutuwa. A Wahayin Yakubu na Farko an ce rai zai tarar da masu tsaron hanya, an ma kira su masu karɓar haraji. Za su tare shi su ce kai wane ne, daga ina? Ya ce ni ɗa ne, daga wurin Uba nake. Ina za ka? Inda na fito can zan koma. Duk wanda ya taɓa tafiyar dare a mota ya ga an gitta itace a titi an haska masa tocila a ido ya san yanayin da marubucin ke nufi. Mu ma ai an koya mana amsar tambayar kabari tun muna yara. Bambancin shi ne namu masu tambayar bayin Allah ne, nasu kuwa 'yan tare hanya.

Zargin fasiƙanci da wani bishop mai suna Efifaniyus ya yi musu a ƙarni na 4 ya daɗe yana yawo, amma littattafan da aka tono sun fi karkata ga ƙin jiki da gudun aure.

Ƙungiyar asiri ce? Ana samun kuɗi ko sa'a?

Wani saurayi ya taɓa bina har bakin mota da wannan tambayar. Mutanen da suka ɗauki duniya kurkuku ba su bar laƙanin mallakarta ba. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista zai buɗe maka ido na uku, aljihunka zai buɗe.

Akwai sauransu a duniya yau?

Akwai al'umma ɗaya da ta taso tun zamanin da ba ta yanke ba: Mandayawa na kudancin Iraƙi da yankin Ahwaz na Iran. Sunansu daga manda yake, sani a yarensu. Suna girmama Annabi Yahaya, babban littafinsu Ginza Rabba, suna yin wankan ibada cikin fararen kaya a ruwa mai gudu, musamman ranar Lahadi, kuma ba sa karɓar sabon shiga. A ƙasashen Musulmi an san su da Sabi'awa, sunan da ya zo sau uku a Alƙur'ani, a Baƙara da Ma'ida da Hajji. Bayan yaƙin 2003 mafi yawansu sun bar Iraƙi, yanzu sai ka same su a Suwidin da Ostareliya.

Wani addini mai kama da nasu, na Mani, wanda aka haifa a 216 a ƙasar Iraƙi ta yau ya mutu a kurkukun sarkin Farisa, ya kai har Sin kafin ya shuɗe. Ogastin, babban malamin Kirista, ya yi shekara tara a cikinsa. Mabiyan Mani aka fara kira zindiƙai, waɗanda halifa al-Mahdi na Abbasiyawa ya yi ta farauta, ka ji asalin kalmar da muke jifan juna da ita. A kudancin Faransa an yi Katarawa masu irin wannan ra'ayi na mahalicci biyu. An ƙaddamar da yaƙi a kansu a 1209, a 1244 aka ƙone fiye da 200 a Monsegur. Cocin Ginostikawa da ake gani yau a Faransa da Amurka farfaɗowa ce ta baya-bayan nan, wadda Jules Doinel ya fara a 1890.

To me ka riƙe daga cikin karatun, tunda ka ƙi aƙidar?

Labari ɗaya da tambaya ɗaya. Labarin shi ne Waƙar Lu'ulu'u, da ke cikin wani tsohon littafi mai suna Ayyukan Toma. Wani ɗan sarki daga gabas iyayensa suka tuɓe masa rigar sarauta suka aike shi Masar ya ɗauko lu'ulu'un da maciji ke gadi. Ya isa, ya sa tufafin mutanen garin kada a gane baƙo ne, ya ci abincinsu, sai barci mai nauyi ya kwashe shi, ya manta shi ɗan sarki ne, ya manta abin da ya kawo shi. Iyayen suka rubuto wasiƙa, ta taso kamar gaggafa ta sauka kusa da shi ta zama magana. Da ya karanta sai ya tarar abin da ke cikinta daidai yake da abin da ke rubuce a zuciyarsa. Babu mugun mahalicci a wannan labarin, gafala ce kawai da tunatarwa, shi ya sa nake iya ɗaukarsa in shiga da shi masallaci.

Tambayar kuwa ta wani almajirin Falantinus ce mai suna Tiyodotus: su wa muke a da, me muka zama, ina aka jefo mu, ina muke gaggawar zuwa. Na rubuta ta a bayan wata takardar magani. Bayan sallar asuba nakan zauna minti goma ban ce komai ba, ban ja carbi ba, in bar ta tana yawo a kaina. Rabin lokutan gyangyaɗi nake, ko in tsinci kaina ina lissafin kuɗin makaranta.

Uwargida ta san kana wannan karatun?

Ta sani. Ran nan tana tsince shinkafa a faranti ta ce, «Malam, su mutanen nan naka, me suka ce game da yaran da suka rasu?» Na ce a ganinsu hasken da ke cikin yaro yana komawa gidan da ya fito. Ta yi shiru tana ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa, sannan ta ce, «To ai mu ma haka aka gaya mana, kuma ba sai da aka zagi kowa ba.» Ta miƙo mini farantin ta ce in riƙe, ta tashi ta duba wuta.